Yadda Na Buɗe wa Baba Tanko Ƙofa

Samarinmu na unguwannin Maamobi da Nima a nan Accra sun gama yanke hukunci cewa a duk sana'o'in fim babu ta banza irin tawa. Wai fitowa a maigadi. Mota ta yi ham, ka taso, ka buɗe get, ka rusuna, ka rufe, shi ke nan aiki ya ƙare. Wani da gemunsa bai gama fitowa ba ya ce da ni a shagon aski, wai ko akuyar gidansu aka sa wa hula za ta iya. Ban tanka masa ba, don aska na kan wuyana a lokacin. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna in bayyana muku, ko da yake na san rabinku ba za su kai ƙarshe ba sai sun leƙa waya.

Sunana Idi. Ni mutumin Kwarin Gawo ne, wani ɗan ƙaramin gari can ƙasar Nijar. Sa'ad da na baro shi babu lantarki, balle silima, amma idan ka binciki finafinan da aka yi a Accra a zamanin kaset da faifai, da wuya ka rasa hannun ɗan garinmu a ciki. Mai riƙe fitila namu ne. Direban da ke kwasar 'yan wasa namu ne. Akwai Barira da ke yi wa mata kwalliya, akwai wani da ya yi ta fitowa a boka har yaran unguwa suka daina karɓar alewa daga hannunsa. Dukanmu ta ƙofa ɗaya muka shiga, wato ta hannun Baba Tanko.

Baba Tanko gadi na gaske yake yi a wani katafaren gida bayan unguwar Madina ta Accra. Wata rana 'yan fim suka ari gidan, suka zo da nasu maigadin, wani ɗan wasa mai yawan surutu. Aka ce ya buɗe get, sakata ta ƙi. Ya ja, ya tura, ya yi gumi, rana na ta tafiya. Baba yana zaune a bencinsa yana kallo, sai ya tashi ya ɗan ɗaga ƙyauren da ƙafa, sakata ta zare. Darakta ya dube shi, ya ce a cire wa wancan kwat a ba wannan. Daga nan duk wanda ya sauko daga garinmu, Baba zai duba ƙirarsa ya ce wannan fitila, wannan tuƙi. Ni da ya dube ni sai ya ce, "Kai fuskarka ta wanda aka tasa daga barci ce. Gadi za ka yi."

Kun ɗauka washegari aka sa ni gaban kyamara. Damina guda na yi ina buɗe get ɗin wata makarantar Islamiyya a Maamobi bayan yara sun tashi, babu mota, babu mai kallo sai Baba da awakin unguwa. In zare sakata, ya ce na yi sauri. In sake, ya ce na juya wa kyamara ƙeya, alhali kyamarar wani gwangwanin madara ne da ya ɗora a kan turmi. Ya koya mini cewa kowane get da halinsa. Akwai mai komowa da kansa, akwai mai kuka, akwai mai tafiya kan taya wanda ke jiran yatsan ƙafarka. Dole ka riga kowa zuwa wurin aiki ka gwada shi, don ranar da ya kunyata ka ba wanda zai zagi get.

Kayan aiki kuwa ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Tsohuwar kwat mai nauyi, wadda ake sawa ko da zafin Accra na narka kwalta. Hula mai lanƙwasa, sanda, tocila, buta, da rediyo mai igiya. Sai dutse. Baba yana da wani dutse baƙi daidai tafin hannu da ba ya rabuwa da aljihunsa, na tare ƙyaure. Akwai wani aiki da muka yi a wani gida kusa da teku, aka aro wata doguwar mota daga wurin wani Alhaji da ya zo da kansa ya tsaya yana gadin abarsa. Motar na tsakiyar shiga iska ta taso ta kwaso ƙyauren. Na riga na zura nawa dutsen da ƙafa ba tare da kyamara ta gani ba, ƙyauren ya zo ya tsaya cak, saura kaɗan ya taɓa fenti. Ba wanda ya ce sannu. Darakta ma cewa ya yi in ƙara washe baki.

Daraktoci su ne masu sayen hajarmu, kuma abu ɗaya suke nema wurin maigadi, wato wawa. Ka yi gyangyaɗi, ka yi tuntuɓe, ka kwaɓa Turanci. Baba ya ce in ba su wautar a tafiya da motsin kafaɗa, amma kada in yarda a mare ni, kada in yarda a ture mini hula. Na rasa ayyuka da dama saboda wannan. Wani darakta ya taɓa ce mini ai wasa ne. Na ce wasan ne za a kalla a garinmu, kuma uwata tana da rai.

Yanzu ga abin da ban tsammanin akuyar gidanku za ta iya.

Daraktocin wancan lokaci ba sa jin Hausa. Idan mota ta yi ham sai su ce, "Yi gunaguni da yarenku, faɗi ko mene ne." A makon da aka fara ce wa Baba haka, wani ɗan garinmu mai dako a kasuwa ya rasu, aka binne shi nan, kuma babu mai tafiya gida da zai kai labari. Sai Baba, yana tura ƙyaure yana ɓata fuska kamar mai zagin maigida, ya ce, "Allah ya jiƙan Sale na Hajara, na bakin rijiya." Kaset ya bi motocin arewa har Kwarin Gawo, aka kunna shi da janareto a ƙofar gidan mai shayi. Mutanen Accra sun yi dariya a wurin. Mutanen garinmu sun tashi sun tafi gidan Hajara gaisuwa.

Tun daga nan abin ya zama al'ada. Duk ɗan Kwarin Gawo da ya rasu a Accra, maigadin da ya fara samun aiki zai faɗi sunansa da na uwarsa da unguwarsu. Muna kiran abin buɗe ƙofa. Har bayan waya ta zo labarin mutuwa ya koma isa gida kafin a gama wanka, ba a daina ba. Liman ya sha faɗa mana wannan ba addini ba ne, mun kuma sani. Amma iyalin mamaci ba sa samun natsuwa sai sun ji. Sai ka ji ana tambaya, an buɗe wa wane ƙofa kuwa?

Yin sa kuma yana da ƙa'ida. Ba a roƙon darakta, ba a ma gaya masa. Kuma akwai edita, mai yankewa da haɗa hoto, wanda ba abin da ya tsana kamar maganar maigadi. Idan ka faɗi sunan kafin ka taɓa sakata, zai yanke. Idan ka faɗa bayan mota ta shige, zai yanke. Wuri ɗaya ne almakashinsa ba ya shiga, wato lokacin da ƙyaure ke tafiya kuma hancin mota ya fara shigowa, don in ya yanke a nan motar za ta yi tsalle, kowa ya gane. Saboda haka duk sana'ar tana cikin wannan ɗan tsakanin. Ka yi sauri, sunan ba zai shiga ba. Ka yi nawa, darakta ya ce a sake. Wannan ne Baba ya shafe damina yana koya mini da gwangwanin madara, ni kuwa ina ganin tsoho ne kawai mai son wahalar da mutane.

Sai muguwar shekara ta zo. Wuta ta riƙa ɗaukewa fiye da yadda take zuwa, mutane suka daina sayen faifai, masu shagunan suka koma sayar da cajar waya. Masu zuba jari a fim suka janye ɗaya bayan ɗaya. Mai fitilarmu ya koma gyaran janareto, direba ya koma jan trotro, motar haya, tsakanin Madina da Nima, Barira ta koma kwalliyar amare. Ni kuma na koma gadi na gaske a gidan wani ɗan kasuwa, wanda ya gane ni daga fim. Duk baƙon da ya yi sai ya kira ni ya ce in yi musu tafiyar nan tawa. Ranar da ya ce in yi tuntuɓe don surukansa su gani na ajiye masa makullinsa. Daga baya na ji ya sa get mai buɗe kansa da rimot, Allah ya ba su zaman lafiya.

Ana cikin wannan Baba Tanko ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Mutumin da ya buɗe wa kowa ƙofa ya rasu a lokacin da babu fim ɗin da ke neman maigadi. Matarsa, Inna Hassu, ta miƙo mini dutsen nan bayan sadakar bakwai. Tana sayar da busasshiyar kuɓewa da barkono a Kasuwar Malam Atta, kuma hanyata ce. Duk sanda na bi sai ta amsa gaisuwa, ta tambayi iyali, sa'an nan ta ce, "Idi, yaushe za ka buɗe wa Babanka ƙofa?" In ce, "Inna, ana nema." Shekara ta juyo, wata ta bi ta. Na ga idonta ya fara hazo, tana shafa kaya kafin ta gane mudu. Har na fara zagayawa ta layin masu doya don kada ta gan ni, abin na cin raina ƙwarai.

Aikin da ya zo a ƙarshe daga cikin gida ya fito. Samira, 'yar ƙanwata, a Maamobi aka haife ta, ba ta taɓa taka Kwarin Gawo ba. Hausarta irin ta Zango ce, mace da namiji duk "ya" ne, ga Turanci da yaren Tuwi da ake ji a Accra a tsakiya. Ita da ƙawayenta suna yin gajerun wasannin dariya da waya, waɗanda ba sa kai tsawon shan kofin koko, kuma wai dubban mutane ke kallo. Ta zo ta ce, "Kawu, muna so wacman. Ka zo ka yi mana, abu kaɗan ne."

Na ɗauko kwat, na kakkaɓe hula. Na riga su zuwa na gwada get, wani ja mai ƙyaure biyu a Madina. Da suka iso na tambaya ina kyamara, ta nuna mini waya a kan sanda. Ina mai fitila, ta nuna mini rana. Mota ta yi ham, na zare sakata, ƙyaure ya kama hanya, hancin mota ya shigo, na ce, "Allah ya jiƙan Tanko na Mairo, na gindin tsamiya." Ban taɓa auna shi daidai kamar ranar ba. A hanyar komawa har na bi ta gaban rumfar Inna na ce ta saurara.

Da abin ya fito, Samira ta turo mini. Ga ni na taɓa sakata, sai ga mota a tsakar gida. Ta yi tsalle kamar kwaɗo. Na tafi gidansu da la'asar na same ta tana cin wake da shinkafa.

"Samira, ina tsakiyar?"

"Na yanke, Kawu. Ya yi tsawo paa."

"Motar ta yi tsalle. Ba ki gani ba?"

"Kawu, a waya ba wanda ya damu mota ya yi tsalle. Kuma na ji abin da ka faɗa. Mutane suna zo dariya ne, ba su zo zaman makoki ba."

A nan na gane inda aka kwana. Shekara da shekaru muna shigar da sunayen matattunmu ta ƙarƙashin hancin daraktocin da ba sa jin Hausa, ba a taɓa kama mu ba. Ranar da 'yarmu ta cikinmu ta zama darakta, ranar aka yanke mu. Uwarta ta ce daga kicin, "Yaya, ka yi mata bayani mana." Na ce ba a roƙo. Baba bai roƙi kowa ba a kan Sale mai dako, ni ba zan durƙusa wa yarinyar da aka yi sunanta a gabana ba a kan Baba. Ku ce taurin kai ne, ku ne da bakinku.

Na koma gida na yi ta tunani. Edita na da yana tsoron tsallen mota. Wannan ba ta tsoronsa. To me take tsoro? Abu ɗaya ne, kada a rasa dariya. Ashe wurin da almakashi ba ya shiga ya tashi daga inda na sani ya koma wani wuri, sai in bi shi can.

Bayan 'yan makonni ta sake kira na. Wannan karon labarin wata madam ce mai ƙaryar arziki, ta sayo zakara a kasuwa, ya kwance a cikin mota, tana ta ham maigadi yana nawa. Samira ta tsara cewa madam za ta buɗe ƙofar mota ta fito da ihu, zakara ya biyo ta, a tsaya a nan. Na tambaya wa ke riƙe da zakaran, aka ce an saye shi tun jiya yana ɗaure a bayan gida. Na leƙa na ga ba wanda ya tuna ya ba shi ko ƙwaya. Yaran zamani ke nan, sun san cajin waya, ba su san cikin dabba ba. Na je na sayo gero, na nuna masa a tafin hannuna ya gani da kyau, na bar shi ya ɗanɗana kaɗan, sa'an nan a gaban idonsa na zuba sauran a lanƙwasar hulata.

Mota ta yi ham. Na taso da tafiyata, na zare sakata, na zura dutsen Baba a ƙarƙashin ƙyaure ɗaya, na kama ɗayan. Madam ta banko ƙofa ta fito tana ihu, zakara ya fito yana fuka-fuki. Bai ko dube ta ba. Ya yi tsalle ya hau ƙarfen get, daga nan ya dira a kaina. Farcensa ya ratsa hula ya shiga fata, har yau da tabo. Ban motsa ba. Madam na zagaye mota tana kururuwa, zakara na saran hulata, ni kuwa ina tura ƙyaure a hankali da fuskar nan ta wanda aka tasa daga barci, na ce, "Allah ya jiƙan Tanko na Mairo, na gindin tsamiya." Ƙawayen Samira sun faɗi ƙasa don dariya. Ita kaɗai ce ba ta yi ba, tana kallona ta saman waya.

Kwana biyu ban ji ta ba, sai ga ta da kanta a ƙofar ɗakina.

"Kawu, ka yi mani wayo."

"Ni? Zakara ne."

"Na yanke, dariya ya mutu. Na sa kiɗa a kai, ihun madam ya ɓace. Na gwada komai koraa." Sa'an nan ta ce, "Mama ya ba ni labarin Baba Tanko. Me ya sa ba ka faɗa mani ba kawai?"

Na ce, "Da na faɗa miki, da alfarma kika yi masa. Shi kuwa da sana'a ya shigar da kowa."

Ta ce na cika rigima, ta kuma bar shi yadda yake.

Tare muka tafi Kasuwar Malam Atta. Inna Hassu ba ta iya ganin hoton sosai, sai ta karɓi wayar ta kara a kunne, cikin hayaniyar masu tumatir da masu turin kaya. Ihun madam ya fito, kukan zakara ya fito, sai muryata. Ta ce a sake. Aka sake. Ta ajiye wayar a kan buhun barkono, ta shafa fuska, ta ce, "Alhamdu lillahi. Ya shiga." Na nemi wuri na zauna a kan wani kwando.

Samira, da son a yaba mata, ta ce, "Kaka, mutane da yawa sun kalla. Har a Nijar."

Inna ba ta kula wannan ba. Ta juyo wajen da take jin numfashina ta ce, "Idi, a cikin yaran garinmu wa ke koyon gadi a wurinka?"

Na ce, "Babu, Inna. Duk darakta suke so su zama."

Ta ce, "To kai wa zai buɗe maka?"

Samira ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar buhu.

Ga dalilin da ya sa na ɓata lokacina a kanku. Ban ce ku bar wayoyinku ba, na ga abin da suke iyawa. Amma kwat tana nan, dutse yana nan, kuma shugaban makarantar Islamiyyar nan ya ce get ɗinsu yana nan yadda na bar shi, sakatar ma ba a canja ba. Ranar Asabar bayan yara sun tashi ina can. Samira ta ce za ta zo, wai don ta ɗauki hoto, na ce ta zo da hannu biyu babu komai a ciki. Mai akuyar nan ma ya zo, in ya ga dama ya taho da ita. Wanda zai zo ya sa takalmi mai rufe yatsu, kuma tun daga gida ya fara haddacewa: Idi na Zulai, na bayan masallaci.